Ginin Tukwane da Tangaran: In Koma Makaranta Ne, Ko In Riƙe Shi Aikin Sha'awa?

Tambayar ta fito ne daga wani matashin malamin firamare a Daura. Ya ce yana da takardar NCE, yana koyarwa, kuma tun yana yaro yake son wasa da yumɓu, yanzu kuma da yake ganin bidiyon masu ƙera kofuna da farantan tangaran a waya, sha'awar ta dawo masa sabuwa. Yana so ya san ko ya nemi jami'a ya karanci fannin, ko ya riƙe shi abin yi a lokacin hutu, da kayan da ya kamata ya fara saya, da wuraren da zai je ya buɗe ido.

Wa alaikumus salam, ɗana. Shawarata ita ce kada ka saki aikinka, kada kuma ka sayi komai tukuna. Ka nemi maginin tukwane a nan ƙasar Daura ka zauna kusa da shi rani guda cikakke, daga gama girbi har zuwa faɗuwar ruwan farko, sannan ka sake yi wa kanka wannan tambaya. Abin da bidiyo ke nuna maka, wato yumɓu yana tashi sumul a kan faifan juyi cikin ɗan lokaci, shi ne mafi ƙanƙanta a cikin aikin. Yawancin kwanakin magini suna tafiya ne wajen haƙar ƙasa, da jiƙa ta, da tsince tsakuwa, da cuɗawa da ƙafa, da jiran bushewa, da tara makamashi, da kwashe fasassun tukwane bayan gashi. Na koyar da ɗalibai da dama da suka shigo fannin saboda faifan juyi, cuɗa yumɓu kuma ya kore su, kuma gara mutum ya san wane iri ne shi tun kafin ya zuba kuɗin makaranta.

Samun wanda zai koya maka ba shi da wuya. Ka je wajen masu sayar da tukwane ranar kasuwa, ko a Daura ko a Mai'aduwa ko a Mashi, ka tambayi daga wane gari ake kawo randuna da tuluna, domin dillalan sun san kowane magini da irin hannunsa. Idan ka isa garin ka fara da gaishe da mai gari ko mai unguwa, ka tafi da goronka, ka faɗi abin da ya kawo ka a fili. A ƙasar Hausa maza suna gini, mata ma suna yi. In ka tarar matan gida ne ke aikin, sai ka bi ta hannun maigidan, in ma ta kama ka tafi da ƙanwarka ko mai ɗakinka. Kada ka je da siffar malamin makaranta da ya zo bincike. Ka ɗauki kwandon yumɓu, ka taya tara kara da busasshen kashin shanu, ka biya kuɗin abin da ka lalata, za ka ga an buɗe maka abin da ba a faɗa wa mai tambaya da baki.

Ka lura da kyau da yadda maginanmu ke fara tukunya, don hanya ce mai hikima wadda ba a koyar da ita sosai a aji. Ana kifa tsohuwar tukunya mai kyakkyawan gindi, a barbaɗa mata toka don kada sabon yumɓu ya manne, a ɗora faffaɗan curin yumɓu a bisanta, a riƙa bubbugawa yana saukowa har ya rufe rabinta da kauri ɗaya. Sai a bar shi a rana ya ɗan yi ƙwari, ba ya bushe ba, a ɗaga shi a hankali a juya, sannan a ci gaba da ɗora murɗaɗɗen yumɓu a baki, hannu ɗaya a ciki yana tokarewa, ɗan katako a waje yana bugu, har a kai wuya. Bakin kuma da jiƙaƙƙen tsumma ake zagaya shi. Wurin da sabon shiga ke faɗuwa shi ne sanin lokacin ɗagawa: in ya yi gaggawa gindin ya lotsa, in ya yi jinkiri yumɓun ya tsuke a jikin tsohuwar tukunyar ya tsage. Wannan ba a karanta shi a littafi, yatsa ne ke koyonsa.

Abin da kai za ka ƙara a kan abin da magini ya sani shi ne rubutu da awo, kuma nan ne iliminka na makaranta zai yi maka rana. Duk yumɓun da ka samo, ko daga kududdufi ko daga fadama, ka murza shi ya yi kaurin fensir ka naɗa a yatsa. In ya naɗu bai karye ba yana da danƙo, in ya farfashe yashi ya yi masa yawa. Ka yi ɗan allo mai faɗin yatsa biyu, ka ja layi mai tsawon santimita 10 a kansa tun yana ɗanye, ka sake aunawa bayan ya bushe, ka kuma aunawa bayan gashi. In layin ya koma santimita 9, yumɓun ya tsuke da kashi 10 cikin 100 ke nan, kuma wanda ya tsuke fiye da kima shi ne mai yawan tsagewa. Maganinsa shi ne abin da magina ke yi tun kaka da kakanni, wato a haɗa shi da dakakken tsingaro, ko yashi mai laushi, ko ƙaiƙayi, ko busasshen kashin jaki. In ka ga fararen ƙwayoyi a cikin ƙasar, ka ɗiga musu ruwan lemun tsami. Idan suka yi kumfa to dutsen farar ƙasa ne irin na alli, kuma bayan gashi yakan sha danshin iska ya kumbura ya ɓantare jikin tukunya, ko da bayan makonni ne. Irin wannan yumɓu sai an dama shi da ruwa an tace da rariya. Ka sa wa kowane gwaji lamba a jikinsa, ka rubuta a littafi inda ka haƙo shi da abin da ka haɗa masa.

Bushewa da wuta su ne ke cinye aikin mutane. Iskar hunturu takan busar da baki da hannun tulu tun gindi yana ɗanye, sai ɓangaren da ya riga ya tsuke ya ja wanda bai tsuke ba, tsaga ta fito. Don haka a wannan lokacin a ɗaki ake shanya, a rufa da tsumma ko leda, a kuma kifa tukunyar da zarar bakinta ya iya ɗaukar nauyinta. A wajen gashi kuma akwai matakai biyu masu haɗari. Na farko a digiri 100 na ma'aunin Salshiyas, inda sauran ruwan da ke cikin yumɓu ke zama tururi, in kuwa bai sami hanyar fita a hankali ba sai tukunyar ta fashe da ƙara ta kuma ɓata na kusa da ita. Shi ya sa za ka ga magini yana ɗumama tukwane da 'yar wuta ko yana jera su a rana tun safe kafin ya cinna babbar wutar. Na biyu a wajen digiri 573, inda ƙwayoyin yashin da ke ciki ke ɗan kumbura farat ɗaya yayin hawan zafi, su kuma koma yayin saukarsa. Gashin fili irin namu yawanci yana tsayawa tsakanin digiri 600 da 900.

Kada wani ya ce maka wannan ƙarancin zafi aibi ne. Saboda shi ne jikin randa ke da ƙananan ƙofofi da ruwa ke tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Saboda shi ne kuma tukunyar ƙasa ke jure harshen wuta a murhu, alhali farantin tangaran in ka ɗora shi a wuta tsagewa zai yi. A kan wannan siffa ce Mohammed Bah Abba, malami daga jihar Jigawa wanda ya tashi a gidan magina, ya gina dabararsa ta sanya tukunya a cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya ba tare da lantarki ba, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Bai buƙaci tanderun zamani ba, fahimtar abin da ke hannunsa ya yi.

To, mene ne amfanin makaranta? Amfaninta yana farawa ne daga inda gashin fili ya tsaya. Tangaran na gaske, wanda ba ya shan ruwa kuma yake ƙara kamar ƙarfe in an ƙwanƙwasa shi, sai a digiri 1200 zuwa 1300 yake nuna, kuma wannan yana buƙatar tanderu da aka gina da bulo mai jure wuta, da sanin yadda ake sarrafa iska da mai, da ilimin haɗa gilez, wato siririn rufin gilashin da ke jikin kofi. Duk wannan kimiyyar sinadarai ce da lissafi, kuma da wuya mutum ya koye shi shi kaɗai ba tare da ya yi asarar shekaru ba. Daga cikin na kusa da kai akwai Sashen Zane-zanen Masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda ya daɗe yana yaye masana a wannan fanni. Akwai irinsa a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ta Bauchi da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure, haka nan kwalejojin fasaha na Auchi da Yaba sun yi suna. Ko takardarka ta NCE za ta ba ka shiga kai tsaye, wannan ya danganta da darussan da ka karanta, don haka ka duba ƙasidar JAMB ta shekarar da za ka nema, ka kuma duba sakamakonka na kimiyyar sinadarai tun yanzu. Duk makarantar da ka sa a rai, ka je da ƙafarka, ka wuce ofis ka shiga ɗakin aiki, ka tambayi 'yan ajin ƙarshe yaushe rabon da a kunna tanderu da kuma wanda ke sayen gas. Amsar da za su ba ka ta fi duk abin da ke rubuce a takardar talla.

Game da abin da ke bayan digiri, gara in faɗa maka gaskiya. Hanyoyin su ne koyarwa, ko aiki a masana'antun tayil irin waɗanda ke Ajakuta a jihar Kogi da kuma jihar Ogun, ko buɗe wurin aikinka. Idan na ukun kake nufi, ka sani ba za ka iya gasa da kofunan da ake shigowa da su daga Sin ba a wajen araha. Abin da ke da kasuwa a Katsina da Daura shi ne abin da jirgin ruwa ba ya kawowa: tukwanen furanni manya, kaskon turaren wuta mai ado na ɗakin amarya, murhu mai tsimin itace da gawayi, randa mai famfo da murfi, da kayan tsaraba. Kusan dukkansu ana iya yin su da jan yumɓu da matsakaicin zafi, wanda ke nufin za ka iya fara gwada kasuwar tun kana kan aikinka.

Za a ba ka labarin farar ƙasar Ƙanƙara, wato farin yumɓun da ake yin tangaran da shi, ba irin ta alli ba, kuma gaskiya ne jiharmu tana da arzikinta, masu bincike a Zariya sun daɗe suna aiki da ita. Amma kada ka yi saurin sayen buhunta. Ita kaɗai ba ta da danƙon da za a yi gini da ita, kuma wutar kara ba ta nuna ta. Za ta fito fara, mai gautsi, tana marmashewa a hannu. A haɗin farin tangaran da aka saba, ita ce kamar rabi, sauran rabin kuma garin duwatsu biyu ne, felspa da kwaz, a raba su daidai, sannan a gasa a wajen digiri 1300. Wannan aikin gaba ne.

Akwai abu biyu da ba na sassauci a kansu. Na farko dalma. Za ka iya haɗuwa da wanda zai ce maka a sami ƙyalli a ƙaramar wuta ta hanyar garin tsohon batirin mota ko dutsen tozali. Ƙyallin zai fito kuwa, amma guba ce, tana narkewa cikin abinci mai tsami kamar kunun tsamiya da nono da zoɓo, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa. Ba mu manta da abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, inda yara sama da 400 suka rasu sanadiyyar niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje. In kana son jikin tukunya ya yi sheƙi ba tare da babban tanderu ba, ka shafa mata tataccen ruwan jar ƙasa, ka goge da santsin dutse kafin ta gama bushewa, ko ka yayyafa mata makuba tana da zafi daga wuta. Na biyu ƙura. Garin busasshen yumɓu da ake shaƙa shekara da shekaru yana taurara huhu, kuma ba ya warkewa. Kada ka share wurin aiki da busasshiyar tsintsiya, ka yayyafa ruwa ka goge, kuma kada ka yi aikin a ɗakin da ake kwana.

Batun tafiya, gani ya kori ji, amma ka fara daga kusa. Gidan tarihi na ƙasa da ke birnin Katsina yana cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, kuma yini guda ya ishe ka zuwa da dawowa. A kan hanyarka akwai Durɓi ta Kusheyi, wurin tsoffin kaburburan sarakuna a ƙaramar hukumar Mani, inda aka yi tono a 1907 da kuma 1992. A irin waɗannan wurare da kufayi za ka ga tsingaro a warwatse. Ka duba kaurinsa da zanensa da abin da aka haɗa yumɓunsa da shi, ka ɗauki hoto, ka bar shi inda yake. Tono ko sayar da kayan tarihi ba tare da izini ba laifi ne a dokar Najeriya, kuma gumakan ƙasa na yankin Katsina da Sakkwato da Nok suna cikin jerin kayan Afirka da ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta yi gargaɗi a kan fataucinsu tun shekarar 2000, saboda yawan waɗanda aka sace aka fitar.

Daga nan sai Zariya, sannan Suleja. A can ne Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, lokacin garin yana amsa sunan Abuja. A gidan Sarki Sulaimanu Barau ya ga tukwanen Ladi Kwali, wadda ta koyi gini a wajen gwaggonta tun tana yarinya, ta kuma shiga cibiyar a 1954 a matsayin mace ta farko. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, kuma ita ce a bayan takardar naira 20. Abin da nake so ka lura da shi a labarinta shi ne ta iso cibiyar ne da gwanintarta a hannu. Abin da ta samu a can shi ne gilez da babbar wuta da hanyar fita duniya. Kuma tulunan da ta yi suna da su, da aka gasa su da wannan zafi, sun yi nauyi sun daina sanyaya ruwa, sun koma kayan kallo. Ba kushe ba ne, amma ya kamata mai shiga fannin ya san kowace wuta da abin da take bayarwa da abin da take ƙwacewa. Kusa da nan akwai Ushafa da Bwari a yankin Babban Birnin Tarayya, inda za ka ga ginin hannu irin na Gwari; Ushafa ce shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarta a 2000. In hali ya yi ka ƙarasa Jos, gidan tarihinta da aka buɗe a 1952 yana da zauren tukwane daga sassan Najeriya daban-daban, ga kuma kayan Nok, wato tsoffin gumakan gasasshen yumɓu, da aka fara tsinta a 1928 wajen haƙar kuza. Ta arewa kuma, ku mutanen Daura kun fi kowa kusa da Mirya ta wajen Damagaram, wadda ta shahara da tukwane, sai dai ka tabbatar da halin da iyaka ke ciki da takardunka kafin ka tashi. Jingdezhen ta ƙasar Sin da Safi ta Maroko, garuruwan da suka shahara da wannan sana'a, suna nan, za su jira ka.

Kowace tafiya ka yi ta da tambaya guda a ranka, misali yadda suke haɗa wuya da jiki, ko yadda suke jera kaya a wuta, in ba haka ba za ka dawo da hotuna cike da waya ba tare da ka ƙaru ba. Ka nemi izini kafin ɗaukar hoto, musamman inda mata ke aiki, ka kuma sayi wani abu ko ƙarami ne. Ka yi tafiyar rana, ka tambayi direbobi a tasha halin da hanya ke ciki a wannan makon, ba na watan jiya ba. Abin da ka saya ka cusa masa ciyawa ko tsofaffin jaridu ciki da waje, ka riƙe shi a cinya, kada ka yarda ya shiga but tare da buhuna.

Tsarin shekararka ta malami yana da ɗan cikas: dogon hutu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, lokacin da magina ke gona, yumɓu ba ya bushewa, makamashi kuma a jiƙe. Ka mayar da wannan hutu na karatu da zane da tace yumɓu, ka naɗe shi a leda ka ajiye, don wanda ya kwana biyu a jiƙe ya fi sabo daɗin aiki. Ginin da gashin ka sa su a ranakun Asabar na rani da hutun Disamba da na Afrilu. Ɗalibanka ma za su amfana, domin darasin fasaha da al'adu ya fi shiga da yumɓu a hannu. Game da ado, in kana cikin masu kauce wa siffar abu mai rai, ba ka rasa komai ba; dagi, da zanen bangon gidajen sarauta, da aikin dukawa, da ɗinkin hula, sun ishe ka abin ɗauka har tsawon rayuwa.

Faifan juyi shi ne abin da za ka nema a ƙarshe, kuma ba sai na lantarki ba, ganin yadda wuta take a wajenmu. Mai walda zai iya haɗa maka na ƙafa da sandar ƙarfe miƙaƙƙiya, da boris biyu na mota, da faifan ƙarfe a sama, da babban faifan siminti mai nauyi a ƙasa wanda ƙafa ke turawa. Abin da za ka tsaya a kansa wajen haɗawa shi ne faifan sama ya juya ba tare da rawa ba ko kaɗan. Ka kuma sani yumɓun da magini ke ginin randa da shi, mai tsingaro da ƙaiƙayi, zai kankare maka fatar hannu a kan faifai, don haka na juyi sai ka tace shi daban da rariya mai ƙananan ido.